Ta Ina Cuta Ke Shigowa Gidanka?

Sa'ad da ƙaramin yaro ya kwanta ciwo, tambayar da ta kan fara zuwa bakin mutanenmu ita ce, "Wa ya yi masa?" Wata ta ce bakin mutane ne, wata ta ce iska ce ta shafe shi da almuru, wata kuma ta sassauta murya ta ambaci sunan wata tsohuwa ta maƙwabta, wai mayya ce. In ciwon ya yi sauƙi a ce haƙori ne, in kuwa yaron ya rasu a ce kwana ya ƙare, a ba uwa haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, ba mai musun wannan. Amma akwai wata tambaya wadda ta fi waccan amfani, ita na ke so bakinka ya saba da ita, watau, "Ta ina ta shigo?" Gama yawancin cututtukan da ke cin ƙananan yara a ƙasar Daura suna da hanyar da su ke bi, hanyar nan kuwa ta ratsa ta cikin randa, da tsakar gida, da bakin murhu, da ɗakin kwana, wuraren da ka ke wucewa kowace safiya ba ka ko dube su ba.

Ka fara sanin girman abin tukuna. A shekarar 2018 gwamnati ta sa aka bi gidaje cikin dukan Nijeriya, ana tambayar mata 'ya'ya nawa suka haifa, nawa kuma suka rayu. Da aka haɗa lissafi, sai aka ga cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba su kai shekara biyar ba. A jihohin arewa maso yamma, inda Jihar Katsina ta ke, 187 ne, watau kusan ɗaya cikin biyar. Ko ba takarda ka san wannan. Ka tambayi tsofaffin mata a Sandamu ko Zango ko Baure haihuwarsu nawa, sa'an nan ka tambaye su nawa ne masu rai, ka ji amsar da za su ba ka. Abubuwan da suka fi ɗaukar yaran nan kuwa sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ciwon haƙarƙari, da tamowa wadda ta ke buɗe wa sauran ƙofa.

Me ya sa ƙarami ne ya ke faɗuwa, babba yana tsaye, alhali gidansu ɗaya? Ka yi tunani. Kai da asuba ka fita gona ko kasuwa, ka wuni a waje, ka ci abinci a zaure. Shi kuwa ɗan shekara ɗaya duniyarsa duka tsakar gida ce, tsawonsa kuma bai wuce gwiwarka ba. Abin da ka ke takawa da takalmi shi da tafin hannu ya ke takawa, abin da ya ɗauka kuwa bakinsa ya nufa. Jikinsa bai riga ya saba da cututtukan ƙasar ba, ruwan jikinsa kuma kaɗan ne, gudawar yini guda wadda za ta sa ka kasala kawai tana iya ƙarar da shi. Domin haka in kana so ka san gidanka yadda ɗanka ya san shi, sai ka durƙusa a tsakar gida ka duba daga nan.

Mu ɗauki ruwa da fari, gama mu mutanen Daura labarin garinmu da rijiya ya fara. Kowane yaro ya san labarin Kusugu, yadda maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Jumma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Macijin nan a fili ya ke, kowa ya san yana ciki, kowa yana tsoronsa. Abin da ke cikin ruwanmu yau ido ba ya ganinsa, shi ya sa ba mai tsoronsa. Ƙwayoyin cuta ne ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita a ke ganinsu, suna fitowa daga kashin mutum da na dabba, ruwa yana iya zama garau kamar hawaye alhali yana cike da su.

A birnin Landan na Ingila, a shekarar 1854, annobar amai da gudawa ta faɗa wa wata unguwa, ta kashe mutum fiye da 600. Mutanen lokacin suna cewa mugun wari ne ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana tambaya, sai ya ga kusan dukan waɗanda suka mutu daga famfo ɗaya su ke sha. Ya roƙi hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Daga baya da aka bincika, aka tarar akwai ramin ƙazanta dab da rijiyar, a ciki kuwa wata uwa ta zuba ruwan da ta wanke tsummokin jaririyarta mai gudawa. Ka riƙe wannan a ranka, za mu komo kansa. Cutar nan ba ta bar mu ba: a shekarar 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Katsina kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya.

Watakila ka ce, "Mu daga burtsatse mu ke sha, ruwanmu mai kyau ne." Madalla. Amma ka bi ruwan nan daga bakin famfo zuwa bakin yaro. Ya shiga jarkar ɗan garuwa wadda cikinta ya yi kore don daɗewa ba a wanke ba. Ya shiga randa mai faɗin baki, marar murfi. Moɗa tana yashe a ƙasa inda kaza ta taka, yaro ya ɗauka ya tsoma har da hannunsa, wani ya sha ya mai da sauran. Kafin la'asar ruwan burtsatse ya zama ruwan kududdufi. Sau da yawa a cikin gida ne ruwa ya ke lalacewa, bayan an sha wahalar samo mai kyau. Gyaran wannan kuwa ba ya cin kuɗi. A rufe randa, a wanke ta kafin a ƙara sabon ruwa, a samo moɗa mai dogon hannu a rataye ta a ƙusa inda yara ba su kaiwa. Abin da ya fi wannan ma, a ware tulu mai ƙaramin baki domin ruwan sha kaɗai, wanda sai an tsiyaya, hannu ba ya shiga. In daga rijiya ku ke ɗiba, a ɗaga bakinta, a yi mata murfi, kada a bar guga da igiya a cikin taɓo. Ruwan da ƙaramin yaro zai sha kuwa, in ba ka amince da asalinsa ba, a tafasa shi, ko a sa masa maganin kulorin bisa ga awon da aka rubuta.

Kada ka rena irin waɗannan ƙananan dabaru. Iyayenmu sun san kurkunu, yadda ya kan kwantar da manomi a tsakiyar damina. A shekarar 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba a taɓa samo masa allura ko ƙwaya ba. Da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi aka kore shi, har a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu shi a ƙasar nan. Yaran yau ko sunansa ba su sani ba.

Yanzu zan yi maganar da kunya ta kan hana a yi, sai ka gafarce ni. Mutanenmu suna cewa kashin jariri ba ƙazanta ba ne, ai nono kaɗai ya ke sha. Saboda haka in yaro ya tsuguna a tsakar gida, sai a zuba ƙasa a kai, ko a kwashe da tsinken kara a jefa bayan danga, a ɗauraye shi a bakin rariya, uwa ta goge hannu a zane ta koma kan damun fura. Ka tuna da rijiyar Landan. Kashin ƙaramin yaro yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, sau da yawa ma ya fi, domin shi ne ya fi yawan yin gudawa. Daga nan ƙuda ya ɗauka ya kai kan tuwo, kaza ta tona ta watsa, ruwan sama ya kwashe ya kai rijiya, ƙanensa mai rarrafe ya dafa ya kai baki. Ta wannan hanya gudawa ta ke zagaya gida, ta wannan hanya tsutsar ciki ta ke shiga, ta wannan hanya kuma shan inna ya ke bi. Dubi sunan da kakanninmu suka ba cutar nan, suna tsammani wata iska ce mai suna Inna ta ke shanye ƙafar yaro. Ashe ƙwayar cuta ce mai bin kashi zuwa baki. Da aka san hanyarta aka tare ta da ɗigon rigakafi, har a shekarar 2020 aka shaida asalin ƙwayar ta ƙare a dukan Afirka, ko da ya ke har yanzu ana ci gaba da ɗiga wa yara domin wani iri nata da ya rage.

To, me za ka yi? Ka haƙa salga, in ba ka da ita. Ƙasarmu rairayi ce, rami ya kan rufta da damina, saboda haka ka ɗaure bakinsa da bulo ko tsohuwar ganga, ka yi masa murfi domin ƙuda. Ka nisanta shi da rijiya kamar mita 30, watau wajen taki arba'in na babban mutum, ya kasance kuma ta gangare, kada ruwa ya gudano daga gare shi zuwa rijiyar. Ƙaramin yaro yana tsoron bakin salga, yana da gaskiya kuwa, sai a saya masa fo, a juye a cikin salga nan da nan, a wanke. A ajiye buta da sabulu a ƙofar makewayi, in babu sabulu toka tana taimako. A wanke hannu bayan an fito, da bayan an wanke wa yaro, da kafin a taɓa abinci. Wanke hannu a ƙwarya ɗaya, mutum shida suna tsomawa bi da bi, na ƙarshe ya kan fito da dauɗar da ta fi wadda ya shiga da ita. A zuba wa kowa daga buta. Maƙwabtanmu na Jihar Jigawa, waɗanda mu ke iyaka da su ta wajen Kazaure, a shekarar 2022 aka shaida su ne jiha ta fari a Nijeriya da ta bar yin ba-haya a fili. Ƙasarsu irin tamu ce, samunsu kuma bai fi namu ba.

Game da dabbobi, ba zan ce maka ka rabu da su ba. Akuya ita ce asusun uwargida, kaza kuwa ita ce kuɗin magani ran da ciwo ya zo. Sai dai ka raba musu wuri. Ka kafa turke a kusurwa guda ka kewaye shi, ka yi wa kaji akurki, a share kashinsu kowace safiya a tara domin gona, inda zai zama taki mai amfani. Mai rarrafe kuma a shimfiɗa masa tabarma mai tsabta a inuwa.

Domin ka tabbata ƙasar tsakar gida kaɗai tana iya kashe yaro, ka ji abin da ya faru a Jihar Zamfara a shekarar 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane suka riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gidajensu, suna daka su a turmi suna niƙawa. Ba su sani ba duwatsun cike su ke da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, manya suka ci gaba da harkokinsu, yara kuwa suka fara jijjiga suna mutuwa, har fiye da 400 suka rasu. Magani kaɗai bai isa ba, sai da aka kankare ƙasar gidajen aka kwashe, aka zubo sabuwa. Mu a nan ba mu haƙar zinariya, amma muna ajiye maganin feshin gona a ƙarƙashin gado, muna zuba kananzir da fetur a kwalbar lemo, yaro kuwa ba ya karatu, kwalba kawai ya sani. Kwallin dutse da a ke sa wa jarirai a ido shi ma sau da yawa dalma ne, gara a bar shi.

In kuwa gudawa ta riga ta kama yaro, ka sani rashin ruwa ne ke kisa. Za ka ga idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ɗauke, in ka tsunkuli fatar cikinsa ba ta komawa da sauri. Tsofaffi su kan ce maɗigar ce ciwon, su shafa mata magani, alhali alama ce ta cewa jiki ya bushe. Wasu kuma su kan hana shi sha, wai kada gudawar ta ƙaru. Wannan kuskure ne mai kai yaro kabari. A ba shi ruwan gishiri da sukari, wanda a ke sayarwa cikin ƙaramar leda a kantin magani, a dama bisa ga awon da ke jikinta. In babu, a samo lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, watau cikin ledar ruwan sha biyu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, in ya yi amai a dakata jim kaɗan a ci gaba. Kada a janye nono, kada a hana abinci. A karɓo masa ƙwayar zinki ya sha kwana 10 zuwa 14. In akwai jini a kashin, ko ya kasa sha, ko ya yi laushi ƙwarai, sai asibiti.

Ya 'yar'uwa uwar yaro, wannan sashe naki ne. Nonon fari mai kauri, wanda mu ke kira dakashi, an saba matse shi a zubar, wai ba shi da kyau. Shi ne rigakafin fari na ɗanki, ki sa shi a nono tun sa'ar da aka haife shi. Daga nan har wata shida nono zalla ya ishe shi, ba ruwa, ba jiƙo, ba koko. Na san abin da kakarsa za ta ce, "Da zafin bazarar nan za ki hana jinjiri ruwa? Wannan ai mugunta ce." Ki amsa mata da ladabi, ki ce mafi yawan nono ruwa ne, ke za ki sha ruwan shi kuwa ya sha nono. Kowane cokalin ruwan randa da aka ɗura masa yana iya zuwa da gudawa, yana kuma cika cikin da ya kamata nono ya cika. Bayan wata shida a fara ba shi abinci, nono kuma yana tafiya har shekara biyu. Amma koko tsararo ruwa ne mai launin abinci, yaro zai cika ciki da shi ya kuwa rame. Ki sa masa garin ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, ko wake, ko waken suya, da ɗan manja, da garin zogale, da ƙwai in kaza ta yi. Ki ba shi kwanonsa dabam, gama in ya sa hannu tare da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share akushi. Abincin da ya kwana kuwa a ɗumama shi har ya yi zafi sosai. Yayen farat ɗaya, a ɗauke yaro a kai shi gidan kaka rana guda, shi ma ya kan jefa da yawa cikin rama, domin baƙin ciki ya hana shi ci.

Ga yadda abubuwan nan ke haɗa kai. Yaro ya yi gudawa, ya ƙi ci, ya rame. Ramammen jiki ba shi da ƙarfin tare cuta, sai wata gudawar ta komo, ko ƙyanda, ko zazzaɓi, ya ƙara ramewa. Haka zai yi ta gangarawa har gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa su kumbura, mu ce tamowa ta kama shi. Tamowa kuwa ba ta rashin hatsi kaɗai ba ce, ana samunta har a gidan da rumbu ke cike, in ruwan gidan da ƙasarsa ba su da tsabta. A binciken nan na 2018 an tarar kimanin yara shida cikin goma a Jihar Katsina tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Lokacin da ya fi tsanani kuwa shi ne marka, wajen Agusta da Satumba, kafin sabon gero ya shigo: rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, ruwan sama ya wanke juji ya kai rijiya, manya kuma suna gona. A shekarar 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labari cewa cikin wata shida na farkon shekarar, yara 652 masu tamowa suka rasu a wuraren jinyarta a Jihar Katsina, da yawansu domin an kawo su a makare. Akwai wani ɗan tsiri mai launi da ma'aikatan lafiya ke auna damtsen yaro da shi. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, ko ka danna bayan ƙafarsa yatsa ya bar gurbi, kada ka jira kaka. Abincin gyaɗa na leda da a ke bayarwa domin tamowa magani ne na wannan yaro shi kaɗai. Wanda ya raba wa sauran yara, ko ya kai kasuwa, ran ɗansa ya sayar.

Sauro kuwa, tun shekarar 1897 wani likita mai suna Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya ga ƙwayar zazzaɓi a cikin cikinsa. Sabon gero da ɗanyar masara da a ke zargi ba su da laifi, lokacinsu ne kawai ya zo ɗaya da nasa. Sauron zazzaɓi yana ƙyanƙyasa a ruwan sama da ya kwanta, a ramin da ka ɗebi ƙasar gini, da sawun shanu, da ɗan gurbin da ke bayan ɗaki, da dare kuma ya ke cizo. Ka cike ramukan da ke kusa, ka toshe tsakanin bango da rufi. Gidan sauro mai magani da a ke rabawa kyauta, na gan shi an kewaye lambu da shi, na gan shi an rufe 'yan tsaki, na kuma gan shi a ɗakin maigida alhali uwa da jariri suna kwance a fili. Mai ciki da ƙananan yara su ne na fari a cikinsa, kowane dare, ko a tsakar gida a ke kwana saboda zafi sai a kafa sanduna a ɗaura. A Jihar Katsina ne aka fara raba maganin rigakafin zazzaɓi na damina a Nijeriya, a shekarar 2013. Ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata cikin damina, kwana uku a jere. Masu rabawa su kan ba da na ranar fari da hannunsu, na kwana biyun da suka rage yana wuyanku, a nan ne kuwa a kan yi sakaci. In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa a ranar.

Da hunturu kuma wata ƙofa ce ke buɗewa. Sanyi ya sa a toshe taga da tsumma, a shigo da kaskon wuta, mutum bakwai su kwana a ɗaki guda. Uwa tana girki da kara da ɗanyen itace, jariri yana goye, fuskarsa tana cikin hayaƙin da ke sa ita babba hawaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yaran da ciwon haƙarƙari ke kashewa, hayaƙin cikin gida yana da hannu a ciki. A yi girki a fili ko a rumfa mai shan iska, a busar da itace, a sauke goyo a ba wani ya riƙe nesa da murhu. Yaro ya fi bukatar riga da hula da bargo bisa ga garwashi a rufaffen ɗaki, wanda ya kan kashe mutane cikin barci. In yana tari, ka buɗe ƙirjinsa sa'ad da ya natsu, ka ƙirga numfashinsa minti ɗaya. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, in ya kai 50, ya yi sauri; daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja numfashi, wannan ya wuce mura, ku kama hanya. Cunkoso a ɗaki marar taga shi ne kuma abokin sanƙarau da ƙyanda, musamman daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara. Sanƙarau na shekarar 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a arewacin ƙasar nan. Duka biyu suna da allurar rigakafi yanzu, ta ƙyanda tun yaro yana wata 9, a kai shi, a kuma adana katinsa inda gara ba ta kaiwa.

Na san za ka ce, "Malam, duk na ji, amma talauci fa?" Gaskiya ne. Ba kai za ka haƙa wa gari burtsatse ba, ba kai ka sa hatsi ya yi tsada ba, akwai kuma haƙƙin da ke wuyan hukuma wanda ya kamata ku haɗa kai da mai unguwa da dagaci ku nema. Amma ka komo ka ƙirga abin da na ambata: murfin randa, ƙusar rataye moɗa, toka, tsintsiya, turke, dakashi, taga a buɗe. Nawa ne kuɗinsu? Ka gwada su da kuɗin mota zuwa babban asibitin Daura, da kuɗin ƙarin jini, da kwanakin da gona za ta zauna ba noma.

Kai da ka fara koyon sabuwar tafiya, akwai abu biyu a nan da suka shafi halinka. In ɗanka ya yi ciwo, kada ka bari a kama sunan tsohuwar mutane a gidanka da zargin maita, gama shaidar zur ce, tana kuwa raba zumunci, ta bar ainihin hanyar cutar a buɗe domin ƙanensa. Ka yi addu'a domin yaron, ka kuwa ɗauke shi ka kai shi wurin magani, ɗayan ba ya hana ɗayan. Na biyu kuma, ƙuda da sauro ba su san danga ba, ba su tambayar addinin mai gida. Rijiyarku ɗaya da maƙwabcinka, saboda haka abin da ka koya ka gaya masa da hankali, in yana haƙa salga ka ba shi hannu.

Saura magana ɗaya, ta maigida ce. Da yawa cikinmu in an gama kaka mu kan tafi ci-rani Kano ko Legas, ko mu bi kasuwanni har Mai'aduwa da ƙetaren iyaka. Yaro ya kan fara ciwo da dare, uwa ta ga alama sarai, amma ba ta da izinin fita, ba ta da ko kuɗin babur, sai ta zauna tana jiran a same ka a waya, ko wanka ya komo daga gona ya yanke shawara. Zazzaɓin ƙaramin yaro kuwa yana iya kai shi ga jijjiga tsakanin safiya da maraice. Saboda haka kafin ka sa ƙafa a mota, ka tara matarka da mahaifiyarka da wanda ka bar wa gida, ka faɗa a gabansu duka cewa in yaro ya kasa shan nono, ko yana amai da kome, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa ya yi sauri, ta ɗauke shi ta tafi ko da tsakar dare ne, ba sai ta tambayi kowa ba. Ka nuna mata mai babur ɗin da ka yi magana da shi, ka kuma damƙa mata kuɗin zuwa da komowa a hannunta, dabam da na cefane.